Darasi: Birni da Ƙauye a Akwatin Zaɓen Abuja

Wanda ya tsaya a mahaɗar Gudu da hantsi, kafin ya tsallaka titi zai ji harshe huɗu ko biyar. A cikin kasuwa, wajen masu tayoyi da batura da kayan gyaran mota, Ibo ne ya fi tashi. A bakin titi masu shayi da masu faci da masu tura ruwa Hausa suke yi. Matan da suka shigo da doya daga ƙauyukan bayan Apo suna Gbagyi a tsakaninsu, in mai saye ya zo su juya Hausa. Ma'aikacin gwamnati ya kawo motarsa gyara yana Turanci, bakanike na mayar masa da Buroka. Nan kusa ga rukunin gidajen da aka gina wa 'yan majalisar tarayya, ga kuma maƙabartar Gudu, inda aka binne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a watan Afrilu na 2020.

Dukkan mutanen nan minista ɗaya ke mulkinsu, sanata ɗaya ke wakiltarsu. Haka ma manomin da ke ƙauyen Kwali ko na Abaji, wanda watakila sai ya shekara bai taka cikin birni ba. Amma ranar zaɓe ba sa magana da baki ɗaya. A wannan darasi za mu duba dalili, kuma za mu fara da lissafi, don haka kowa ya ɗauko biro da takarda.

Abin da ƙuri'un 2023 suka nuna

Babban Birnin Tarayya yana da ƙananan hukumomi shida: ta birni wadda ake kira AMAC, inda Gudu take, sai Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, Peter Obi na jam'iyyar LP ya samu ƙuri'a 281,717 a Abuja. Bola Tinubu na APC ya samu 90,902. Atiku Abubakar na PDP ya samu dubu 74 da 'yan kai. Mai kallon jimla kawai zai ce Abuja gaba ɗayanta ta bi Obi.

To, mu warware jimlar. A AMAC Obi ya samu 170,392, Tinubu 29,596. A Bwari Obi 67,198, Tinubu 13,156. Yanzu mu kama hanyar Lokoja mu bar birni a baya. A Gwagwalada Obi 19,694, Tinubu 15,890. A Kuje Obi 14,257, Tinubu 10,648. Kun ga tazarar ta tsuke. A Kwali abin ya juye: Tinubu 11,242, Obi 7,302. A Abaji, can iyaka da Jihar Kogi, Tinubu 10,370, Obi 2,874. A Kwali da Abaji ɗin nan har Atiku ma ya sha gaban Obi.

Ku haɗa na Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Za ku samu Tinubu 48,150, Obi 44,127. Wato da waɗannan huɗun kaɗai suka yi zaɓe, da Tinubu ne ya zo na ɗaya a Abuja. A cikin kowace ƙuri'a 100 da Obi ya samu, kusan 84 daga AMAC da Bwari suka fito.

Kada sunan Bwari ya ruɗe ku. Tana da ƙauyuka da duwatsu da gonaki, amma Kubwa da Dutse Alhaji a cikinta suke, kuma can ne dubban ma'aikata da 'yan kasuwar birni ke kwana. Ƙuri'ar Bwari mafi yawanta ƙuri'ar birni ce.

Kujerun majalisa ma haka suka rabu. Mazaɓar AMAC da Bwari a majalisar wakilai ta tafi ga Joshua Chinedu Obika na LP. Mazaɓar sauran huɗun ta tafi ga Abdulrahman Ajiya na APC. Kujerar sanata, wadda kowa ke zaɓa tare, ta bi inda jama'a suka fi yawa: Ireti Kingibe ta LP ta kayar da Philip Aduda na PDP, ɗan Gbagyi daga Karu, wanda ya riƙe kujerar tun 2011.

Yadda aka tara mutanen nan wuri guda

A watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da ƙasa, kwana goma bayan haka aka kashe shi. An yanko yankin daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Sunan ma aro ne daga tsohon garin Abuja, masarautar da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi; garin ya ba da sunansa ya koma Suleja. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Ɗaya daga cikin hujjojin zaɓen wurin shi ne ba ƙasar Hausa ba ce, ba ta Yarabawa ba, ba ta Ibo ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai daga nan wasu suka zarce suna magana kamar ba ƙasar kowa ba ce. Alhali akwai ɗaruruwan ƙauyuka: na Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, da na Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da Egbura, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a tsakaninsu. Shirin farko shi ne a kwashe su duka a kai su jihohin maƙwabta, gwamnati ta biya. Da aka buga kuɗin aka ga ya fi ƙarfi, sai gwamnatin Janar Obasanjo a 1978 ta ce waɗanda ginin birni ya taɓa kaɗai za a tayar, sauran su zauna inda suke. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja. Mutanen Maitama aka kai su Kubwa. Daga baya aka gina wa mutanen Garki da maƙwabtansu matsuguni a Apo, ba nisa da Gudu.

Saboda haka jama'a iri biyu suka haɗu a yanki ɗaya. Akwai waɗanda birni ya zo ya samu, akwai waɗanda birni ya kira. Na biyun sun zo daga kowace jiha, kuma cikin 'yan shekaru suka rinjayi na farko da yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Abuja mutum kimanin miliyan 1.4, fiye da rabinsu a AMAC kaɗai. Abaji ba ta kai dubu 60 ba. A zaɓen 2023 masu rajistar zaɓe kaɗai sun haura miliyan 1.5.

Mutum uku, fili ɗaya

In kuna son ku gane siyasar kowane mazaunin Abuja, kafin ku tambaye shi yarensa ku tambaye shi matsayinsa a kan ƙasar da yake kwana. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk filin da ke Babban Birnin Tarayya mallakar gwamnatin tarayya ne. Minista ke rabawa. Gado ba ya ba mutum takarda, sa hannun dagaci ma ba ya ba shi.

Ga na farko, mai takarda, ko mai haya a gidan mai takarda. Shi ne ma'aikaci ko lauya ko babban ɗan kasuwa da ke zaune a rukunin gidaje a Gudu ko Gaduwa ko Lokogoma. Ruwansa na burtsatse ne da shi da maƙwabta suka haɗa kuɗi suka haƙa. Mai gadi su ke biya. 'Ya'yansa suna makarantar kuɗi, in ciwo ya zo asibitin kuɗi. Abin da ke hana shi barci shi ne kuɗin hayar shekara, kuɗin mai, kuɗin wuta, darajar naira, da ko ɗansa da ya gama jami'a zai samu aiki. Duk waɗannan a hannun shugaban ƙasa suke. Shi ya sa zaɓen shugaban ƙasa ke fito da shi tun asuba, ya zo da kujerarsa da laimarsa, ya zauna har a ƙirga ƙuri'a a ɗauki hoton takardar sakamako.

Ga na biyu, ɗan asalin wurin da ke noma a ƙauyen Kuje ko Kwali. Doya yake shukawa da masara da dawa, a gonar da kakansa ya sare. Wata safiya zai je ya tarar da turakun siminti an kafa a kusurwoyin gonar. Masu awo sun zo jiya, an ba wani kamfani wurin. In an zo biyan diyya ba a sa wa ƙasar kuɗi, tunda a doka ba tasa ba ce. Abin da ke kanta ake ƙirgawa: mangwaro nawa, kashu nawa, kunyar doya nawa, ɗaki nawa. Mutumin nan ba darajar naira ce ke gabansa ba. Yana neman wanda zai shiga ofis a madadinsa ya ce a dakata, wanda zai sa a gyara gadar da ke yankewa duk damina, a kawo taki kafin ruwa ya sauka, a sa ɗansa cikin jerin waɗanda za a ɗauka aikin ƙaramar hukuma. Wannan aikin kansila ne da ciyaman da sarki, kuma duk ya san gidajensu. Ɗan takarar da ya zo masa ta hannun waɗannan ya fi kusa da ƙuri'arsa, komai daɗin bakin wanda yake gani a waya. Wasu 'yan birni na kiran wannan rashin wayewa. A ganina lissafi ne, kuma ba lissafin banza ba: mutum yana zaɓen wanda zai iya kamawa in alkawari ya tashi.

Ga na uku, wanda ba shi da takarda kuma ba shi da gado. Ya zo daga Katsina ko Zamfara ko Binuwai ko Ebonyi. Ya sayi ɗan wuri a hannun wani mai unguwa ya yi ɗakin kwano, ko yana kwana a kangon da mai shi bai ƙarasa ba yana ba mai gadi wani abu duk mako. Gwamnati a wurinsa jan fenti ce a jikin bango, sai katafila bayan 'yan kwanaki. Zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, an yi rusau mai yawa, kuma a 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Har gobe za ku ji mutumin farko yana cewa ba a taɓa ministan da ya gyara Abuja kamarsa ba, ku ji na uku yana ba da labarin ranar da ya kwashe kayansa a ka zuwa Mararaba. Aiki ɗaya suke magana a kai, kowa ta inda ya same shi.

A nan Gudu an ga iyakar raunin mutum na uku. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta da dare a wani kango kusa da gidajen 'yan majalisa, suka ce maɓoyar Boko Haram ce. Yawancin masu kwana a ciki masu tuƙa Keke Napep ne da 'yan ƙwadago daga Arewa. A 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta gama bincike, ta ce babu hujjar da ta nuna waɗanda aka kashe 'yan ƙungiyar ne, ta ba da umarnin a biya iyalansu diyya.

Zaɓen da birni ba ya fita

A jihohi, hukumar zaɓe ta jiha ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san yadda ake yi: jam'iyyar gwamna ta share duka. A Abuja hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ke shiryawa, don haka ana yin takara ta gaske. A zaɓen 12 ga Fabrairu, 2022, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji.

Abin lura shi ne adadin waɗanda suka fito. AMAC tana da masu rajista sama da dubu 600 a lokacin, amma Christopher Maikalangu ya zama ciyaman da ƙuri'ar da ba ta kai dubu 20 ba. Shekara guda bayan haka, a wannan ƙaramar hukumar, ɗan takara ɗaya ya kwashi sama da dubu 170. Ina mutanen nan suke a 2022? Suna gida. Ranar a wurinsu hutu ce ta wankin mota. Da yawa ba su san sunan kansilansu ba. Titin unguwarsu da fitilunsa aikin hukumar raya birnin tarayya ne, ba su ga abin da ciyaman zai ƙara musu ko ya rage ba, in ban da masu karɓar haraji da ke zuwa shago.

A ƙauye kuwa ranar nan ita ce babbar rana. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ke naɗa minista, majalisar tarayya ke yi mata doka. Kujerar ciyaman da ta kansila, a mazaɓu 62, su ne kaɗai mulkin da ɗan ƙauye ke ɗorawa da hannunsa ya kuma sauke. Shi ya sa 'yan asalin yankin suka fi riƙe waɗannan kujeru, har a AMAC inda baƙi suka ninka su.

Rashin fitar 'yan birni yana da farashi, kuma ba su ke biya ba. A 2025 malaman firamare na gwamnati a Abuja sun yi yajin aiki sama da wata uku saboda ƙananan hukumomi ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. 'Ya'yan manomi da na mai gadi da na mai wanki suka zauna a gida kusan zango guda. Motocin makarantun kuɗi ba su fasa zagayawa a rukunin gidaje ko kwana ɗaya ba. Da masu ƙarar murya, masu shiga rediyo da jarida, suna da 'ya'ya a waɗannan azuzuwa, da wuya yajin ya kai haka.

Ina ƙuri'ar Bahaushe?

Wannan tambaya ta shafi da yawa daga cikin masu karanta darasin nan. A yawancin kasuwannin Abuja, daga Dei-Dei zuwa Zuba zuwa Wuse, Hausa ce harshen ciniki. Amma Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya samu ƙuri'a 997,279 a Jihar Kano, a Abuja 4,517 ya samu. Gaskiya ne Hausawa da dama APC ko PDP suka zaɓa. Duk da haka, ko an haɗa ƙuri'un APC da PDP da na Kwankwaso ba su kai na Obi ba.

Ku je tashar mota ana saura kwana uku zaɓe za ku ga wani ɓangare na amsar. Motocin Kano da Katsina da Sakkwato da Gusau cike suke. Ka tambayi mai shayi ina zai yi zaɓe, ya ce, "Ai Malam, katina na gida ne." Ko ya shekara goma sha biyar a Gudu, iyalinsa suna gida, gonarsa tana gida, gwamnan da yake so ko yake ƙi yana gida. Abuja wurin nema ce. Doka ta yarda mutum ya nemi INEC ta mayar da rajistarsa inda yake zaune, amma kaɗan ke yi. Sakamakon shi ne ranar da aka shafa wa rumfarsa jan fenti, babu kansila ko ɗan majalisar da ke jin yana da bashin ƙuri'arsa a wuya.

Akwai kuma waɗanda tsadar haya da rusau suka tura bayan iyaka. Mai kwana a Mararaba ko Masaka a Jihar Nasarawa yake, mai kwana a Suleja ko Madalla a Jihar Neja. Da asuba suna cika hanyar Nyanya da ta Zuba, guminsu na Abuja ne, ƙuri'ar da yawansu kuwa ta wata jiha ce. Wannan ya shafi kowace ƙabila. A 2023 Obi ne ya zo na ɗaya a Jihar Nasarawa, kuma ƙaramar hukumar Karu, wadda Mararaba ke ciki, ta ba shi kaso mai tsoka.

Abin da ƙabila ke yi, da inda take tsayawa

Ba za mu yi kamar ƙabila da addini ba su da tasiri ba. Ibo da sauran 'yan Kudu da na jihohin tsakiya suna da yawa a AMAC da Kubwa. APC ta tsayar da Musulmi biyu a takarar shugaba da mataimaki, abin da ya ɓata wa Kiristoci da yawa rai, har da Kiristocin Gbagyi. Wannan na cikin abin da ya sa Obi ya ci Kuje da Gwagwalada, inda gonaki ke da yawa. Sai dai ƙuri'a a asirce ake jefa ta, takardar sakamako ba ta rubuta yaren mai jefawa. Duk wanda ya ce muku "ƙabila kaza ce ta yi wannan" hasashe yake daga unguwa. Matasa da yawa daga kowane yare sun zaɓi Obi saboda wahalar mai da ƙarancin takardun naira na watan zaɓen, da gajiya da manyan jam'iyyu biyu. A Legas ma, gidan Tinubu, Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606.

Inda ƙabila ta fi zafi shi ne maganar "wa ke da wurin nan". Ranar Kirsimeti ta 2017 rikici ya ɓarke a garin Bwari tsakanin matasan Gbagyi da Hausawa, aka ƙona kasuwa, aka sa dokar hana fita. Tushen abin tsohuwar gardama ce kan sarautar garin. Bayan zaɓen 2023 kuma, da kujerar sanata da ta wakilin AMAC da Bwari suka kuɓuce wa 'yan asalin yankin a rana ɗaya, aka ji koke daga shugabanninsu cewa an mayar da su baƙi a gidan ubansu. Baƙon yana da hujja: an gina Abuja da kuɗin ƙasa don kowa, yana biyan haraji, doka ta ba shi damar tsayawa takara. Ɗan asalin ma yana da tasa, kuma ni ina ganin ta fi nauyi fiye da yadda 'yan birni ke ɗauka. Ɗan Anambra ko ɗan Jigawa da ke Gudu yana da jihar da zai koma ya nemi gwamna, ko kujerar majalisar jiha, ko gurbin karatu. Ɗan Garki ba shi da inda zai koma. Sai da aka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2018 cewa 'yan asalin Abuja ma suna da haƙƙin kujerar minista, kuma sai a 2023 aka naɗa na farko, Zephaniah Jisalo.

Ba a Abuja kaɗai ba

A Amurka rabuwar ta fi bin launin fata. Birane sun tara baƙaƙe da farare da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya, karkara kuwa a jihohi da yawa farare ne zalla. Babban birninsu, Washington, wanda ba shi da sanata mai ƙuri'a, ya ba Joe Biden sama da kashi 90 cikin 100 a 2020. Jihar West Virginia, tafiyar ƙasa da awa biyu a mota, ta ba Donald Trump kusan kashi 69. A Birtaniya, a ƙuri'ar raba gardama ta 2016, kashi 52 na ƙasar suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, amma Landan kusan kashi 60 ta ce a zauna. Kusa da gida, a zagaye na biyu na zaɓen Nijar a 2021, Mahamane Ousmane ne ya ci Yamai, Mohamed Bazoum ya ci ƙasa.

Ana yawan cewa babban birni kullum na 'yan adawa ne, domin ɗan birni komai da kuɗi yake saye, shi ke fara jin tsada, kuma ba hakimi a kansa. Akwai gaskiya a ciki, amma Abuja ta nuna ba doka ba ce. A 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ta ba 157,195, Muhammadu Buhari 146,399. A 2019 ta ba Atiku 259,997, Buhari 152,224. Sau uku a jere ke nan wanda ya ci Abuja bai ci Najeriya ba. A 2023 har kotu aka je da hujjar cewa Tinubu bai samu kashi 25 a Abuja ba, tunda bai kai kashi 20 ba. Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta ce a wannan lissafi Abuja kamar kowace jiha take, ƙuri'ar mazauninta ba ta fi ta kowa ba.

Aikin aji da na gida

A cikin aji, ku ɗauki alƙaluman Obi da Tinubu na kowace ƙaramar hukuma. Ku raba babba da ƙarami, ku ga sau nawa wani ya ninka wani. Ku jera su daga AMAC zuwa Abaji, sannan ku tattauna: me ya sa Gwagwalada, mai asibitin koyarwa da babbar tasha da ma'aikata da yawa, ta tsaya a tsakiya?

Malami ya raba aji gida uku, kowane rukuni ya ɗauki ɗaya daga cikin mutum ukun da muka gani. A ce ɗan takarar ciyaman ya zo unguwa. Kowane rukuni ya shirya buƙata biyu da zai gabatar masa, sannan aji ya tantance wacce ce a hannun ciyaman, wacce a hannun minista, wacce a hannun shugaban ƙasa.

A gida, kowa ya duba katin zaɓensa ya rubuta jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓar da ke jiki, a ƙasa ya rubuta unguwar da yake kwana. Ya tambayi maƙwabta biyar su ma, ba tare da ya rubuta sunansu ko jam'iyyarsu ba. Ya kuma binciko sunan kansilan mazaɓar da yake zaune da inda ofishinsa yake, ya zo da amsar a darasi na gaba.